52x da 480 Mbps, wanne ya fi gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake so in kwashe hotuna da takardu daga cikinta, a jikin wurin saka faifan CD an rubuta 52x, ita kuma kafar USB ɗin an ce min 480 Mbps take yi. Abokina ya ce tunda 480 ya fi 52 nesa ba kusa ba to USB ɗin ya ninka CD sau tara. Dan Allah haka ne? Daga wani mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa'alaikumus salam. USB ɗin ya fi gudu kam, amma lissafin abokinka bai yi ba, domin lambobin nan biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Mu fara da wannan x ɗin. Shi ba ma'auni ba ne da kansa, yana nufin "ninki kaza" ne kawai, to ninkin me? Ninkin gudun faifan CD na waƙa da Sony da Philips suka fito da shi a 1982. A wancan gudun faifan yana karanta yanki 75 a sakan ɗaya, kowane yanki kuma bait 2,048 na bayanai yake ɗauka a faifan kwamfuta, in ka haɗa za ka samu bait 153,600, wato abin da ake cewa kilobait 150 a sakan. Wannan shi ne 1x. Saboda haka 52x ɗinka wajen megabait 7.8 ne a sakan, kuma ko wannan ɗin ba kullum ake samu ba, sai na'urar tana karanta bakin faifan ta waje, tunda can ne yake wucewa da sauri, a kusa da tsakiya inda bayanai suke farawa ko rabin haka ba ta kaiwa.

Kuma kar ka ɗauka x ɗin ko'ina ɗaya ne. A DVD 1x wajen megabait 1.38 ne, kusan ninki tara na na CD kenan, shi ya sa DVD mai 16x yake ba da wajen megabait 22 a sakan, ya bar CD mai 52x a baya duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta. A Blu-ray kuwa 1x megabait 4.5 ne.

Yanzu 480 Mbps. Duba b ɗin da kyau, ƙarami ne, bit ake nufi, wato megabit 480 a sakan, in da babba ne MB to bait ne, kuma bit takwas ne suke yin bait ɗaya. Kamfanoni sun fi son rubuta bit, ni dai a ganina saboda lambar ta fi cika ido ne. Raba 480 gida takwas, megabait 60 kenan, wannan shi ne iyakar USB 2.0 da ya fito a 2000, a aikace kuma abin da za ka gani yayin kwafi bai cika wuce 30 zuwa 40 ba saboda wani kaso yana tafiya wajen saƙonnin da na'urorin suke yi wa juna, in filash ɗinka mai arha ne ma ko 10 sai ya gagara musamman wajen rubutu. To ka ga a takarda ninki bakwai da wani abu ne, a zahiri huɗu ko biyar.

Akwai inda rabawa gida takwas ɗin ma ba ta aiki. SATA na uku, wato mahaɗin da ke haɗa ma'ajiyar bayanai (hard disk) da kwamfuta, ana rubuta masa 6 Gbps, wato 6,000 Mbps, amma megabait 600 yake bayarwa, ba 750 ba, don kowane bit takwas sai an mayar da shi goma kafin ya bi waya. Tsohuwar IDE mai faffaɗar wayar nan, wadda ake haɗa ma'ajiya da ita kafin SATA, ita da bait take magana kai tsaye, megabait 33, 66, 100 har 133 a sakan. Duk waɗannan iyakar wayar ce, faifan da ke juyawa a cikin ma'ajiyar sau da yawa ba ya kaiwa nan, balle in ƙananan fayiloli ne barkatai da sai allurar da ke karanta faifan ta yi ta tsalle tana neman su.

 

Game da aikinka, bi ta USB, kuma ka dunƙule ƙananan fayilolin cikin zip ɗaya kafin ka kwafa, zai fi sauri. In kayan suna da yawa sosai gara ka ciro ma'ajiyar kwamfutar ka haɗa ta da sabuwa da adafta, sai dai ka fara duba bakinta ko IDE ce ko SATA kafin ka saya, don ba sa shiga juna.