Ajiye tarwaɗa da rai a baho kafin a dafa, da maganar zuba mata gishiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maigidana yana kiwon tarwaɗa a tafkin siminti a bayan gida, idan ya kwashe na sayarwa yakan ware mana kamar guda 8 ko 10, to wuta ba ta zama a unguwarmu firij ɗin ya zama kabad, shi yasa nake zuba su a baho da ruwa ina ɗauka ɗaya-ɗaya ina girki har kwana biyu ko uku. Surukata tace wannan azabtar da dabba ne, kuma wai duk wanda ya mutu a bahon ya zama mushe a zubar. Sannan idan zan dafa gishiri nake watsa musu in rufe har su daina motsi. Dan Allah menene hukuncin duka wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, Allah ya yi wa zuri'a albarka.

To Malama bari in fara da maganar mushen, ita ce mai sauƙi. Kifi ba ya buƙatar yanka, kuma mataccensa halal ne. Allah yana cewa a Suratul Ma'ida aya ta 96, an halatta muku farautar ruwa da abincinsa. Sannan hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, da aka tambayi Annabi (SAW) game da alwala da ruwan teku yace ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ga kuma labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, mutum 300, yunwa ta ci su har suna cin ganye, teku ta jefo musu wani ƙaton kifi matacce da ake cewa anbar, suka yi rabin wata suna ci, da suka dawo Madina Annabi (SAW) bai ce sun ci mushe ba, ce musu ma yayi in akwai saura a ba shi, ya ci. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Hanafawa ne suka ware kifin da ya mutu da kansa ba wani sababi ya taso yana yawo saman ruwa, sukace ba a ci. Mu a mazhabar Malikiyya, haka Shafi'iyya da Hanbaliyya, ana ci. Saboda haka ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi, wanda ya mutu a baho ba mushe ba ne irin na akuya.

Sai dai fa halal daban, lafiya daban. Kifin da ya mutu ba ki san yaushe ya mutu ba, ya kwana cikin ruwa da zafin nan namu, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi fari ya loma, kika danna jikinsa yatsa ya shige bai dawo ba, jan abin nan na ƙarƙashin kunnensa ya koma ruwan ƙasa yana wari, wannan kam zubarwa za ki yi. Cutarwa ce ta hana shi, ƙa'ida ce sananniya la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa. Wanda kuwa kika gani yanzu ya mutu, maza ki fasa cikin ki wanke ki dafa ko ki banɗa shi, shikenan.

Ajiye shi da rai kuma ya halatta. Malamai sun kafa hujja da hadisin Anas, ƙaramin ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yana tsokanarsa yana tambayar labarin tsuntsun, bai ce a sake shi ba. In an bar yaro ya riƙe tsuntsu don wasa, ai wadda ta riƙe kifi don abincin iyali ta fi cancanta. Amma Hajiya ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, tana da rabin gaskiya, domin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta ta tsare ta bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ba har ta mutu. Kinga kenan yadda aka tsare shi ne abin dubawa.

Kuma tarwaɗa tana yaudarar mutane anan. Allah ya yi mata wata halitta a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi yasa za ki ga tana tasowa tana buɗe baki saman ruwa, kuma takan yi awanni a waje in jikinta da danshi, alhali karfasa ana fitar da ita ba ta jimawa. To saboda bata mutuwa da wuri sai mutane su ɗauka bata shan wahala, a cusa goma a bokitin fenti, ruwan ya yi kumfa ya yi yauƙi yana wari, suna hawa kan juna suna sukar juna da ƙayar gefen nan, fatarsu duk ta saɓule ta yi fari-fari, a bar su a rana tsakar gida, yara na tsokana da kara. Wannan shi ne azabar da Hajiya take nufi, kuma akwai alhaki. Ki samu baho mai faɗi, faɗin ya fi zurfin amfani, ruwa ya rufe bayansu sosai su iya juyawa, a inuwa, ki canja ruwan safe da yamma ko duk sanda kika ga ya fara kumfa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi, na famfo in yana warin maganin nan kulorin a tara shi ya kwana tukuna. Ki rufe da raga ko kwando ki ɗora dutse, kar ki sa murfin da zai toshe iska, don da dare suke tsalle, sai a wayi gari ɗaya yana birgima a ƙasa ko kyanwa ta riga ki. In guda goma sun yi yawa raba su baho biyu, ko ma ki roƙi maigida ya bar naku a tafkin ana kamo miki biyu-biyu, tunda a bayan gida yake.

Abinci kuwa, kwana ɗaya biyu ba ci ba ya cutar da kifi, masu kiwon kansu suna tsayar da abinci kwana guda kafin a kwashe don kar ruwan ya ɓaci a hanya, saboda haka wannan bai shiga hadisin kyanwa ba. Amma in za a wuce kwana uku, a mayar da shi tafki a ci gaba da ba shi abinci.

Akwai ma wata fa'ida a wannan ajiyar da watakila baki lura ba. Wasu masu kiwo suna jefa wa tarwaɗa kayan cikin kaji da kajin da suka mutu da jini, wannan shi ne babin jallala, dabbar da ke cin najasa, an ruwaito hani a kanta a Abu Dawud da Tirmizi, kuma Ibn Umar yakan tsare irin wannan kazar kwana 3 kafin ya ci. Malikiyya sun halatta naman, Hanbaliyya sun tsananta sukace sai an tsare. To kwana biyu ukun nan cikin ruwa mai tsafta cikinsa ya wanke, warin taɓo ya ragu, ya fi kusa da fita daga saɓani, farfesun ma ya fi daɗi.

Yanzu gishirin, nan ne nake so ki tsaya da kyau. Na taɓa shigowa gida na ji ƙara a madafa kamar ana dukan ganga, ashe tarwaɗa ce aka watsa wa gishiri aka kife da faranti, yarinya ta danne da hannu biyu tana dariya, farantin na tsalle, aka ɗau lokaci mai tsawo kafin abin ya lafa, da aka buɗe duk sun naɗe jikinsu ya fitar da farin yauƙi kamar koko. Tun ranar na hana a gidana. Gaskiyar ilimi sai an faɗa, magabata ba su ce irin wannan yana haramta naman ba. An tambayi Imam Malik a kan yanka kifi gunduwa-gunduwa ko jefa shi wuta yana da rai, a wata ruwaya yace ba laifi tunda ba shi da yanka, a wata kuma ya karhanta ba karhanci mai tsanani ba. Imam Ahmad da aka tambaye shi jefa kifi a wuta yace abin bai burge shi ba. Don haka duk wanda kika dafa a baya halal kuka ci, kar ki shiga waswasi. Amma aikin kansa ni abinda ya fi ƙarfi a wajena makaruhi ne, in aka mayar da shi abin nishaɗi kuma ya kai ga zunubi, saboda hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim, Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Hadisin bai ce banda na ruwa ba. Kuma ga hanya mai sauri a hannunki, me zai sa a zaɓi doguwa? Ki kama shi da tsumma ko buhu saboda santsi da ƙaya, ki samu taɓarya ƙarama ko muciya mai nauyi ki buga da ƙarfi a tsakiyar kai ta bayan idanu, kan tarwaɗa ƙashi ne mai tauri sai an sa ƙarfi, in hannunki ba zai iya ba ki ba maigida ko babban yaro, sannan nan take a sa wuƙa mai kaifi a yanke ta bayan kai. Bayan nan ki zuba gishirinki, ko toka, ko lemon tsami, ko ruwan zafi, duk yauƙin zai fita daidai yadda kike so. Ruwan zafin ma hukuncinsa ɗaya da gishiri in yana da rai. Bismilla ba sharaɗi ba ce ga kifi, amma in kin yi kin samu lada.

Ƙaramin abu ɗaya da baki tambaya ba, jinin da ke kwarara lokacin da aka yanke kan, a mashhurin mazhabarmu najasa ne ko da na kifi ne, kodayake wasu cikin Malikiyya da Hanafiyya da Hanbaliyya sun ce mai tsarki ne. In ya fallatsa miki da yawa a zani ki wanke wurin kafin sallah, ɗan ɗigo kaɗan an yafe, wanda ya rage cikin tsoka kuwa ba komai.

Wallahu a'alam.