Ciyawar roba a harabar gida, za ta jure ruwan Legas?

Malam, ka tambaya ko ciyawar roba za ta jure damina in ka shimfiɗa wa yara filin ƙwallo a gidanka na Agege. Ita ciyawar ba ta tsoron ruwa, akwai 'yan huji a ƙasanta. Aikin yana ƙarƙashi. A kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa a daɓe sosai, a ɗan karkata filin zuwa kwata. In ba haka ba, ruwan Yuni zai mayar da wurin tafki. Ni na yi garaje a nawa, sai da muka ɗage ta muka sake.

A barbaɗa yashi ya danne ta. Da tsakar rana kuwa zafi take kamar kasko, yara su jira la'asar.