Mene ne dalilin ɗaukaka ƙara a shari'ar gona?

Tambaya: Mahaifinmu ya ara wa maƙwabcinsa gona a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ya yi fiye da shekara 20 yana nomanta. Bayan rasuwarsu duka biyun, 'ya'yan maƙwabcin suka ce ta ubansu ce, kotu kuma ta bar musu ita saboda daɗewarsu a ciki. Da na je ɗaukaka ƙara, sai aka ce in rubuto dalilaina. Shin rashin gamsuwata bai isa dalili ba?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Rashin gamsuwa shi ne yake tayar da mutum zuwa kotun sama, amma ba ya rushe hukunci. Dalilin ɗaukaka ƙara shi ne takamaiman kuskuren da za ka nuna a cikin hukuncin, ko alƙali ya saɓa wa ƙa'idar shari'a, ko ya yi watsi da shaidar da aka gabatar masa, ko ya saurari abin da ba shi da hurumi a kansa. Kotun sama galibi ba ta sake kiran shaidu, kundin shari'ar take dubawa, saboda haka ka fara da karɓar kwafin shari'arku.

A ganina, ƙarfin maganarka yana kan batun hauzi, wato mallakar abu saboda daɗewa da riƙe shi. A mazhabar Malikiyya, idan wanda ba dangi ba ya riƙe gona shekara 10 yana amfani da ita amfanin mai abu, alhali mai ita yana gari, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi kuwa wa'adin yana kaiwa shekara 40. Sai dai hauzi ba ya hawa kan aro, ko jingina, ko haya, ko amana, domin wanda ya shiga gona da izinin mai ita bai riƙe ta a matsayin tasa ba, komai yawan damunar da ya ci a cikinta. Idan kun kawo shaidu adalai biyu da suka tabbatar da aron, ko suka shaida cewa marigayin yakan kai wa mahaifinku damin gero bayan girbi, alƙali kuma bai ce komai a kan shaidarsu ba, wannan dalili ne ingantacce. Abin da ke damuna a irin wannan shari'a shi ne, magabatanmu sun ara wa juna gonaki bisa zumunci ba tare da rubutu ba, dattawan da suka san asalin maganar kuma suna ta ƙarewa. Idan ba ku ambaci aron a kotun farko ba, ba za ku shigo da shi yanzu ba sai da izinin kotun sama.

Ka kuma duba ko an yi maka i'izari, wato ko alƙali ya tambaye ka kafin hukunci ko kana da sauran hujja ko suka ga shaidun abokan shari'arka. Rashin yin sa kan sa a rushe hukunci a mayar da shari'a farko.

Akwai kuma inda mutane da yawa suke asarar kuɗi da lokaci. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rigimarku ba ta rabon gado ba ce, jayayya ce kan mallakar gona tsakanin gidaje biyu, saboda haka idan ta wuce babbar kotun shari'ar Musulunci, Babbar Kotun Jiha za ta nufa.

Ɗaukaka ƙara yana da wa'adi, kuma daga ranar hukunci ake fara ƙirga shi. Ka tambayi rajistaran kotu kwanakin da suka rage maka, ka kai wa lauya kwafin shari'ar tun kafin su cika, domin wanda ya makara sai ya nemi ƙarin lokaci tare da bayyana uzurin da kotu za ta karɓa.