Tambayi Anti: shaddar maigida, takalmin ofis da maganar kafur

Tambaya: Anti barka da aiki. Dan Allah shaddar maigidana ce Getzner, da babbar sallah ya ɗinka ta, wanki biyu kawai na mata duk ƙyallin ya gudu, yanzu kullum sai ya min tsiya wai na kashe masa kaya. Ni dai a ruwan omo nake jiƙa ta ta kwana sai da safe in cuɗe. Akwai gyara kuwa? Daga wata amarya, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Kai ƙanwata, kwana a ruwan omo fa kika ce! Ai ba sai mun je neman mai laifi ba. Shadda auduga ce, kuma wannan ƙyallin da ake biyan kuɗi dominsa a masaƙa ake gama fito da shi, ana bi da yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi su danne fuskarsa har ya yi santsi. Getzner ɗin ma da maigidanki ke taƙama da ita kamfani ne a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, tun 1818 yake. Toh duk tsadarta in ta sha jiƙo mai tsawo ga omo ga cuɗa da ƙarfi, gashin zaren ne zai tashi, haske ya daina sheƙi a kanta, shikenan sai ta yi duhu.

Gyaran yanzu bugu ne. Ki sa mata sitaci kaɗan, ba mai kauri da zai sa ta tsaya ƙiƙam ba, ta bushe a kai wa masu bugu, ƙyallin zai dawo sosai amma gaskiya ba zan ce miki kamar sabuwa ba. Nan gaba kuma ruwan sanyi, sabulu mara ƙarfi, 'yan mintuna kawai, ki wanke wuya da hammata da bakin hannu a hankali, kar ki murɗe ta wajen matsa, ɗaga ta za ki yi ruwan ya tsane da kansa, ki shanya a baibai cikin inuwa. Guga ma ta baya, musamman wurin da aka yi wa rigar aiki.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne yawan wanki ya fi yawan sawa kashe shadda. Mutum ya sa kaya ya je Juma'a ya dawo awa biyu, a Jos ɗin nan da ba wani gumi ake ba, miye na wanki? Ya sa singileti a ciki, in ya cire ki rataye ta sha iska ki ninke. Ki kuma ce masa, cikin dabara dai, ya daina shafa turare mai maiƙo a kan rigar, shi ke barin tabon nan na ƙirji da ba ya fita. In manja ya ɗiga ki barbaɗa hoda ko garin sitaci ya tsotse man tukun, sannan ɗigon sabulun wanke-wanke a wurin kaɗai. Hypo kuwa ko kusa da shadda mai kala kar ya je. Babbar riga ninkewa ake, in ta daɗe a hanga nauyin aikin yana jan kafaɗar ta.

Tambaya: Anti ina aiki a Abuja iyalina suna Bukuru. Takalmana sau ciki na fata da nake barinsu a gida, da damina in na dawo sai in tarar sun yi fumfuna fari fat, da hunturu kuma fatar ta tsattsage. Ko jabu aka sayar min?

Amsa: Malam ba lallai jabu ba ne, fatar gaske ma ta fi roba saurin yin fumfuna. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ɗaki a rufe ga danshi, in kuma a leda kake ɗaure su ai ka gama musu. Ka goge fumfunar a waje da tsumma mai ɗan ruwan khal da aka sirka da ruwa, su bushe a inuwa, ka cusa musu tsohuwar jarida a ciki ta shanye laima kuma ta riƙe musu siffa. 'Yan ƙananan fakitin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi kar ka zubar, shanye laima ne aikinsu, sai dai a nesanta su da yara.

Hunturu kuma akasin haka ne, iska ta bushe ta zuƙe man jikin fatar. Folish ɗin shushaina na gefen titi ƙyalli kawai yake bayarwa, ka nemi kirim na takalmi ka shafa bayan ka kakkaɓe ƙura, in babu ɗan man kaɗanya kaɗan zai yi amma yana sa fata ta ƙara duhu, sai ka fara gwadawa a bayan dunduniya. Kuma dan Allah in ruwa ya dake su kar a jera su gaban kaskon gawayi ko hita kamar yadda muke yi da safa lokacin sanyi, zafin ne ke ƙandarar da fata ya kuma saki gam. Takalmi ƙafa biyu da kake musanyawa za su fi daɗe maka a kan guda ɗaya mai tsada da kake sawa Litinin zuwa Juma'a, dunduniya kuma da ta fara cinyewa gefe ɗaya a kai wa mai gyara tun bata kai ga fatar ba.

Tambaya: Anti kafur nake zubawa cikin akwatin atamfofi da lesuka na, har da kayan jaririna. Yayi? Daga wata uwa, Nasarawa Gwong.

Amsa: A'a 'yar uwa, cire shi daga kayan jariri yau ɗin nan ki wanke su. Farin kafur ɗin da ake sayarwa a kasuwa yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani, likitocin yara sun daɗe suna hana shi. A naki akwatin ki naɗe shi a takarda kar ya taɓa yadi, leshi mai duwatsu ki juya shi baibai kafin ki ninke, kuma duk bayan 'yan watanni ki fito da kayan su sha iska ki canza musu ninki don kar layin ya zauna ya ci yadin.