Kabad ɗin ɗumama abinci yana kashe kansa, mai gyara ya ce a haɗa waya kai tsaye

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina dafa abincin sayarwa, kuma ina da kabad ɗin ɗumama abinci, irin dogon nan mai taya da ƙofa ɗaya. Mako biyu ke nan yana ba ni wahala. Nakan saita shi a digiri 80, amma lambar da yake nunawa ba ta wuce 65. Tiren sama ya yi zafi rau, na ƙasa kuwa ɗumi-ɗumi. Bayan kamar minti 40 sai ya mutu, sai an danna wani ɗan jan maɓalli a bayansa sannan ya tashi. Ƙararsa ma ta canza. Mai gyaran da na kira ya ce maɓallin ne ya lalace, zai cire shi ya haɗa wayoyin kai tsaye, wai kowa haka yake yi. Hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron gobara, ina kuma tsoron in cutar da mutane. In bar shi ya cire? Sannan idan kabad ɗin ya mutu abinci ya huce a ciki, zan iya sake kunna shi ya ɗumama?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki yarda a cire maɓallin nan, kuma daga yau ki daina danna shi ki ci gaba da aiki, har sai an buɗe kabad ɗin an ga abin da ke sa shi yanke wuta.

Zan fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ba ta jira. A'a, ba za ki iya ba. Aikin wannan kabad riƙe zafin abincin da ya shigo da zafinsa, ba tayar da wanda ya huce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60, dokar Ingila ta ce 63, ƙa'idar Amurka ta ce 57, kuma duk zafin tsakiyar abincin ake nufi, ba lambar da ke jikin na'ura ba. Idan ya sauka ƙasa da haka, ƙwayar cutar Clostridium perfringens, wadda dafuwa ba ta gamawa da ita, tana samun yadda take so, musamman a wajen digiri 43 zuwa 47, a cikin nama da miya. Bacillus cereus kuwa takan bar guba a shinkafa, gubar da sake tafasawa ba ya kashewa. Kabad ɗin zai ɗauki sa'o'i kafin ya ɗaga tukunyar da ta huce, kuma duk sa'o'in nan abincin yana zaune a daidai zafin da ƙwayoyin ke hayayyafa. Idan kin san lokacin da ya mutu, kuma bai kai awa biyu ba, ki kwashe ki mayar kan wuta ko obin har tsakiyarsa ya kai digiri 74, sannan ki sa a wurin da zai riƙe shi. Idan ba ki san lokacin ba, ki zubar. Na san asara ce mai ciwo, amma ki zubar.

Game da na'urar kuwa, kin riga kin faɗi ciwon da bakinki. Sama zafi, ƙasa ɗumi, lamba ta ƙi hawa, ƙara ta canza, sannan makashin kariya, wato jan maɓallin nan, ya yanke wuta: wannan fanka ce, ko hanyar iskarta. Elemen, wato ƙarfen da ke samar da zafi, yana yin zafinsa, amma babu iskar da za ta kwashe zafin ta zaga da shi cikin kabad, sai ya taru a wuri ɗaya, kusa da inda makashin yake. Shi ya sa tamostat, wato mai daidaita zafin kabad ɗin, yake ganin sanyi yana ta neman ƙarin wuta, makashi kuma yana ganin zafin da ya wuce ƙima yana yankewa. Dukansu gaskiya suke faɗa, wuraren da suke aunawa ne daban. Sau da yawa in na kwance murfin sai in tarar fukafukan fankar sun yi kauri da maiƙo da ƙura, baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta. Ka juya ta da yatsa ta tsaya nan take maimakon ta yi ta yawo. Wani lokacin boris ne ya ci, wani lokacin kondansar motar fankar ce, wato abin da ke taimaka mata ta juya, ta mutu. Wani lokacin ma babu abin da ya lalace, yaran kicin ne suka tura tire ya toshe ramukan iska, ko suka shimfiɗa takardar alminiyam a kan shelf don gudun wanki.

Yanzu maganar mai gyaranki, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ci karo da ita.

Wannan ɗan jan maɓalli ba ya cikin masu aiki kullum. Tamostat ne ke kunna elemen ya kashe, ya kunna ya kashe, sau ba adadi a rana. Makashin kariya zaune yake kawai yana jiran ranar da tamostat, ko kontakta (makunnin da ke ba elemen wuta idan tamostat ya nema), ko fanka za su gaza. A na'ura mai lafiya yana iya shekaru bai motsa ba. Kuma da gangan masu ƙera shi suka yi shi ta yadda ba zai koma da kansa ba sai mutum ya zo ya danna, don a tilasta wa mutumin ya tsaya ya tambayi dalili. To abin da ya yanke wuta sau goma cikin mako biyu, a kusan lokaci ɗaya kullum, ta yaya za a ce ya lalace? Aikinsa yake yi, kuma yana yi daidai. A ce a cire shi kamar a ce wa mai ciwon haƙori ne ya toshe baki don kada a ji kukansa.

Ki duba abin da zai faru ranar da aka haɗa wayar nan. Fankar da ke tangaɗi yau, wata rana za ta tsaya gaba ɗaya. Tamostat yana can yana jin sanyi, ba zai saki wuta ba. Elemen da aka ƙera don iska ta riƙa bi ta kansa zai hau ɗaruruwan digiri, har ya yi ja. Kusa da shi akwai maiƙon shekaru, kuma maiƙon girki idan ya doshi digiri 400 ba ya jiran ashana. Ko kuma fanka lafiya lau, amma bakin kontakta ya narke ya manne, abin da yakan faru da ita idan ta tsufa. A nan ko tamostat ya ce a kashe, wuta ba za ta yanke ba. Kabad ɗin da iyakar saitinsa bai wuce digiri 90 da ɗan wani abu ba sai ya yi ta hawa babu mai tsayar da shi. Kuma irin wannan na'ura ita ce ake kunnawa a juya baya a tafi wani aiki, wani lokacin a bar ta ita kaɗai a ɗaki.

Na taɓa buɗe wani da aka yi wa wannan aikin. An murɗa wayoyi biyu an naɗe da baƙin tef, makashin yana lilo a gefe, lafiyarsa ƙalau. Tef ɗin ya narke ya zuba. Rigar wayoyin da ke kusa ta ƙone ta yi launin ƙasa, ina taɓawa tana marmashewa a hannuna, tagulla tsirara tana dab da jikin ƙarfen kabad ɗin. Wanda ya yi aikin ya ma ƙara da wayar gida ta roba, wadda iyakar juriyarta digiri 70, a wurin da ya kamata a sa mai rigar silikon da ke jure 180. Na duba wayar ƙasa, wato wadda ke kare mutum daga jan wuta, ita ma an cire ta tun tuni, wai tana sa wuta na yankewa. Ma'aikata kuma suna kama hannun ƙofar nan da jiƙaƙƙen hannu kullum. Allah ne kawai Ya tsare.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kalmar nan ta "kowa haka yake yi". Ba kowa ba. Wanda ba shi da mita, ko yana da ita bai iya karanta ta ba, shi ne yake yi, don aikin minti biyar ne, na'ura ta tashi a gaban mai ita, a yaba masa a sallame shi. Ranar da abin zai faru ba ya nan, kuma babu wanda zai tuna da shi, sai a ce wutar lantarki ce ta kawo da ƙarfi. 'Yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah. Wanda ya kira ka ya ba ka amanar dukiyarsa da ran yaran da ke masa aiki, kuma bai san abin da ke bayan murfin nan ba, kai ka sani. In ba ka gano ciwon ba, ka ce ba ka gano ba, babu abin kunya a ciki. In kuma makashin ne da gaske ya gaji, domin yakan gaji idan an yi ta danna shi yana zafi, ko bakin wayarsa ya saki yana ɗumama shi, to a sa sabo mai lamba ɗaya da wadda aka buga a jikin tsohon. Ba mai lambar da ta fi ba, domin wannan ma cirewa ce a fakaice.

Ga abin da za ki sa a yi, ki kuma tsaya a kai. A zare filogi tukuna. A juya fanka da hannu, a wanke ta, a auna kondansa, a share ramukan iska. A auna elemen da mita: mai wat 2000 a wutar bolt 230 ya kamata ya ba da wajen om 26, kuma kada a sami wata hanya tsakaninsa da jikin ƙarfen. A duba kontakta ko tana saki idan tamostat ya kashe. A duba ɗan sandan da ke auna zafi ko yana mazauninsa, bai faɗo ba, bai kuma lulluɓe da maiƙo ba. A ɗaure duk bakin wayar da ya saki, a canza wanda ya yi baƙi, a tabbatar wayar ƙasa tana nan a haɗe. Idan naki mai tiren ruwa ne, a kankare farin dattin da ruwa ke bari, kada kuma a bar shi ya ƙafe yana kunne. Robar ƙofa kuwa ke ma za ki iya gwadawa: ki rufe ƙofar a kan takarda ki ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta gama aiki a wurin.

Bayan an gama kada ki karɓi aikin da lambar na'ura kaɗai. Ki nemi ma'aunin zafi mai tsinke, ki fara tsoma shi a kofin ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna sifili. A kunna kabad ɗin babu komai ya kai saitinsa, a sa tiren ruwan zafi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a bar shi awa biyu, wato ya wuce minti 40 ɗin da yake mutuwa nesa ba kusa ba. Ki auna duka biyun. Idan na ƙasa ya riƙe sama da 63, bambancinsu bai yi yawa ba, kuma jan maɓallin bai motsa ba, sai ki mayar da abinci ciki.