Dalilin da har yanzu ake kai magana gaban Baffa

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaya me ya sa a gidanmu ba a yanke maganar aure ko ta gado sai an kai gaban Baffa, alhali ya haura tamanin, yana maimaita zance, lissafin kuɗi ma sai an yi masa sau biyu. Ban ɗauke shi rashin kunya ba, gara da kika tambaye ni.

Ƙwaƙwalwa tana tsufa kamar sauran jiki. Daga wajen shekara 40 take fara motsewa, masana na ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 duk shekara goma, bayan 70 kuma abin ya ƙara sauri. Sashen da ke bayan goshi, mai tsara al'amura da riƙe zance biyu ko uku lokaci guda, yana cikin waɗanda suka fi raguwa, haka ma wani ɗan sashe can ciki mai ajiye sabon abu. Jijiyoyin da ke kai saƙo kuwa suna da rufi na kitse, kamar robar jikin wayar lantarki. Idan rufin ya zaizaye, saƙo ba ya gudu. Shi ya sa Baffa yakan gane lissafin, sai dai a yi masa haƙuri.

To amma basira ba ta gangarowa gaba ɗaya. Raymond Cattell, masanin halayyar ɗan Adam, haifaffen Ingila da ya yi aiki a Amurka, ya raba ta gida biyu tun shekarun 1940. Akwai ta warware sabuwar matsala cikin hanzari, wadda ke fara ja baya tun mutum yana da ƙuruciyarsa (ke ma da kika ba talatin baya, taki ta fara). Akwai kuma ta abin da aka tara: kalmomi, ilimi, sanin mutane. Wannan takan ƙaru har shekara sittin da wani abu, kuma tana daɗewa ba ta rushe ba.

Ita ake nema wurin Baffa. Wa ya san wace ce ta shayar da wane a zuri'ar nan, kada a ɗaura auren da shari'a ta haramta? Wa ya ga ranar da aka sa iyakar gonar bakin tsamiya, da shaidun da suka tsaya? Ba a rubuta ko ɗaya ba. Ki lura da yadda ake zaman ma: malami ke lissafin gado, samari su auna fili, kowa ya faɗi tasa, Baffa ya yi magana a ƙarshe. Ba a taɓa ɗora masa aikin sauri ba.

Inda ba na bin al'ada shi ne gigin tsufa. Mantuwar inda aka ajiye carbi daban, mutum ya ɓace a unguwarsu ko ya kasa gane ɗansa daban. Na biyun cuta ce. Likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin. Wani nau'in kuwa hawan jini da ciwon suga ne ke jawo shi, ta lalata ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Aya ta 70 ta Suratun Nahl ta ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa, har bai san komai ba bayan ya sani. Mu kuwa sai kunya ta sa mu kulle tsoho a ɗaki, ko a kira tsohuwa mayya don tana sambatu da dare. Mafi muni masu kai wa irin wannan tsoho takardar sayar da fili ya dangwala, da sunan an girmama babba. Ciniki ba ya inganta sai da hankali.

Baffa dai bai kai nan ba, alhamdulillahi. Ki ce wa yayanki a riƙa auna masa jini, a kuma duba kunnensa, don raunin ji yana ƙara ruɗa tsoho. In kin je gaishe shi, je ki da hantsi, a kashe rediyo, ki kawo magana ɗaya ɗaya. Ki tafi da biro da littafi, ki fara da tambayar shayarwar nan.

Goggonki