Ku Tambayi Injiniya: Tocila mai ƙarfi, wane ƙwai, wane batir?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Ina da gonar kankana a bayan gari wajen Gashuwa kuma can nake kwana idan ta fara nuna, shi ne na sayi wata tocila an rubuta lumen 100,000 a jikin kwalin, ta zo da batir ɗaya mai 9900mAh, wallahi ko awa ɗaya ba ta yi take dusashewa kuma hasken ba ya kai ƙarshen gonar. Yanzu so nake in yi odar mai kyau, to na ga ana ta rubuta T6, SST40, XHP70, duk sun rikita ni. Dan Allah a wayar min da kai.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a kankana. Abin da aka rubuta a kwalin nan ba gaskiya ba ne, kuma abin na ci min rai sosai don talakan da ya tara kuɗinsa da kyar shi ake cuta. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya, ka ga kafin a samu 100,000 sai an ƙona wat 700 ko fiye, alhali duk wutar da ke cikin batir 18650 (batirin caji da ake sa wa irin waɗannan tocilolin) na ainihi ba ta wuce ta wat 12 zuwa 13 na awa guda ba, to ko da abin zai yiwu cikin minti ɗaya batirin ya ƙare tas. Idan ka kwance kan tocilar taka ka leƙa, yawanci ɗan ƙwai za ka gani mai kama da XM-L T6 na kamfanin Cree, tsohon yayi ne, na ainihin ma iyakarsa wajen lumen 1,000, balle kwaikwayonsa.

Kai kuma ba yawan lumen ne ma buƙatarka ba, nisa kake nema, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Lumen jimillar hasken da ke fita ne ta kowace kusurwa, shi kuwa nisa ana auna shi da kandela, wato yadda aka dunƙule hasken wuri guda. Ƙaramin ƙwai mai shafaffen sama a cikin kwanon kan tocila mai faɗi da zurfi shi ke jefa haske nesa kamar mashi. Babban ƙwai irin XHP70 zai ba ka lumen 4,000 ya haske gabanka tar kamar rana, amma hasken a baje yake, ƙarshen gona na nan cikin duhunsa sai dai idan kan tocilar ƙato ne sosai. Don haka ni ƙwan SFT40 na kamfanin Luminus zan ce ka nema, wajen lumen 2,000 yake bayarwa, a cikin tocila irin Convoy C8+ yana wuce mita 600 a takarda. Na ce a takarda saboda a ƙa'idar ANSI FL1 da kamfanonin kirki ke bi, ana ƙirga nisan ne har inda hasken ya rage kamar na farin wata daren sha huɗu, to inda za ka iya bambance mutum da akuya ka ɗauki rabin wannan ko ƙasa da haka. Akwai Osram W1 wanda ya fi shi tsini, amma hasken siriri ne da yawa, kana tafiya ba ka ganin gefen ƙafarka, ga gona kuma ba a rasa maciji. SST40 ɗan'uwan SFT40 ne mai ƙoƙo a kai, ya fi baje haske kaɗan, shi ma ba laifi.

Batir kuma, SFT40 yana jan amfiya (ma'aunin wutar da ake ja daga batir) 6 zuwa 8 idan an ƙure shi, sai ka haɗa shi da batir Samsung 30Q mai 3000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) da ke ɗaukar amfiya 15, ko Sanyo NCR18650GA mai 3500mAh da ke ɗaukar 10. Ka sayi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a ɗan akwatin roba. Shi wancan mai 9900mAh ɗin ka daina saka shi a caji kwata-kwata.

Tambaya: Injiniya barka da ƙoƙari. Ni mai gyaran waya ne a Maraɗi, muna samun batura 18650 daga tsofaffin batiran laftof da araha, za su yi a tocila mai ƙarfi? Kuma ta yaya zan gane na jabu tunda kowa cewa yake nasa orijina ne?

Amsa: Yawwa abokin aiki, barka kadai. Hanya mafi sauƙi ita ce sikeli. Sunan 18650 ma girmansa yake faɗa, faɗi milimita 18, tsawo 65, kuma duk wanda aka cika shi da gaskiya nauyinsa giram 45 zuwa 48 ne. Na taɓa ɗora wani mai jar riga da aka rubuta wa 9900mAh a kan ƙaramin sikelin dijital, ko giram 30 bai kai ba, ka ɗauke shi a hannu ma za ka ji sakayau kamar ba komai a ciki. Manyan kamfanonin da ke yin su, Samsung, LG, Panasonic, Murata, Molicel, nasu na wannan girman wajen 3500mAh yake tsayawa, to duk wanda ya rubuta maka 6000 ko 9900 ka san inda aka dosa.

Na laftof yawanci na ainihi ne, sai dai sun tsufa kuma tun asali ba a yi su don jan wuta mai yawa ba. Sa mita ka auna kowanne, wanda ka tarar ƙasa da bolt 2.5 ka ware shi, kada ka ce za ka tashe shi da ƙarfin tsiya, nan ne gobara take fitowa. Masu lafiyar ka caja su zuwa 4.2 ka ajiye mako guda ka sake aunawa, wanda cajinsa ya zube da kansa shi ma ya tafi. Sauran za su yi a ƙaramar tocila ko fitilar ɗaki mai jan amfiya 1 ko 2, amma ka sa su a XHP70 da ke cin wat 30, wato kusan amfiya 10 daga batir guda, sai ka ga hasken ya faɗi nan take batirin ya ɗau zafi. Irin wannan ƙwan batir 21700 yake so, wanda ya fi 18650 girma, kamar Molicel P42A mai 4200mAh ko Samsung 40T. Kuma dan Allah ka duba rigar robar da ke jiki, duk gwangwanin nan gefen negetif ne, idan rigar ta yage kusa da kai ƙarfe kaɗan ya taɓa sai tartsatsi, ka sake masa riga kafin ka ba kowa. Tocila mai cin batir biyu a jere kuwa lallai su zama iri ɗaya, sayen rana ɗaya, caji tare.

Tambaya: Malam Injiniya tocilata Sofirn ce, idan na sa ta a mafi ƙarfi bayan minti biyu sai ta rage haske da kanta kuma kan ya yi zafi rau. Ta lalace ne? Daga Sakkwato.

Amsa: Lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi. Mafi yawan wutar da ƙwan ke ci zafi take komawa, ƙaramin jikin alminiyom kuma ba zai iya fitar da shi da sauri ba, shi ne take saukowa, a zafin Sakkwato na watan Afrilu kuwa za ta fi saurin yin haka. Matakin ƙarshen nan na leƙawa ne na ɗan lokaci, aikin dare a matsakaici ake yinsa. Kada ka sa batir a caji yana da zafi ko ka bar shi cikin mota a rana. Idan za ka sa ta a aljihu ka ɗan sassauta murfin gindi kaɗan, ni da kaina ta taɓa kunna kanta a aljihun rigata, sai ƙaurin yadi na ji na tarar ta huda shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara, idan an ɗauke wuta da tocila muke duba marasa lafiya, amma farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi yana sa fatar mutum ta canja kala ba na gane komai. Akwai mafita?

Amsa: Akwai Hajiya, Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki. Abu biyu za ki duba a bayanin tocilar. Na farko lambar da ke da K a ƙarshe, 6500K shi ne mai shuɗin nan, ke 4500K ko 5000K za ki nema, ya fi kama da hasken hantsi. Na biyu CRI, ma'aunin yadda haske ke nuna kalar abu ta gaskiya, ana ƙirga shi zuwa 100, tocilolin kasuwa yawanci wajen 70 suke shi ya sa ja ke komawa fari-fari. Ki nemi mai ƙwan Nichia 519A, na kamfanin Japan ɗin nan da Shuji Nakamura ya yi aikin shuɗin LED a cikinsa har ya samu kyautar Nobel a 2014, nasa CRI ɗin ya haura 90, jini da kumburi da shawara a ido duk za su fito miki yadda suke. Haskensa bai kai na SST40 yawa ba amma ke ba gona za ki haska ba, ƙaramar Convoy S2+ ko Wurkkos FC11 mai caji ta USB-C ta ishe ki, a ƙaramin mataki batir ɗaya mai 3500mAh zai kai ki asuba. Idan kin samu ta ɗaurawa a goshi ta fi, hannayenki biyu suna sake lokacin sa ruwa ko karɓar haihuwa. Sai dai idan za ki haska idon mara lafiya ki tabbata tana kan mataki mafi ƙanƙanta tukuna.